Cocin Aljiyas mai kama da masallaci: wa ya gina shi, kuma me rubutun bangonsa yake nufi?

Wani ɗan'uwa daga Damagaram ya turo mini hoton wani gini mai ƙubba a kan tsauni, teku na shimfiɗe a ƙarƙashinsa. Ya ce an gaya masa coci ne a Aljiyas, babban birnin Aljeriya, kuma wai a cikinsa an rubuta addu'a ga Musulmi. Yana so ya san ko gaskiya ne, da wanda ya gina shi, da dalilin da ya sa ya yi kama da masallaci. Har ya ƙara da cewa, ko dai masallaci ne Turawa suka ƙwace?

Malam, gaskiya aka gaya maka. Sunan ginin Notre-Dame d'Afrique, ma'anarsa Uwargijiyarmu ta Afirka, kuma Nana Maryam mahaifiyar Annabi Isa (AS) suke nufi. Mutanen gari ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna, Madam Lafrik suke cewa, wasu kuma Lalla Maryam. Yana kan wani tudu mai tsayin mita 124 daga teku, a saman unguwar Bologhine da ke arewacin birnin, wadda a zamanin Faransawa ake kira Saint-Eugène. In ka shiga ka miƙe har gaban bagade, ka ɗaga kai, za ka ga manyan haruffa sun bi lanƙwasar bango da Faransanci: "Notre Dame d'Afrique priez pour nous et pour les Musulmans." Wato suna roƙon Maryam ta yi musu addu'a, su da Musulmi. Na tsaya a ƙarƙashin rubutun na karanta da idona, ba ji na yi ba.

Bai taɓa zama masallaci ba. Fili ne aka sara aka kafa harsashi a 1858. Amma zarginka bai faɗi ƙasa banza ba, domin abin da kake tsoro ya faru a garin, a wani gini dabam. Faransawa sun ci Aljiyas ranar 5 ga Yuli 1830, kuma a 1832 suka karɓe masallacin Ketchaoua da ke gindin tsohon gari da ƙarfin soja, suka mai da shi coci, daga baya suka rushe mafi yawansa suka sake gina shi ya zama babban cocin birnin. Sai a 1962, da aka sami 'yancin kai, ya koma masallaci. Mutane kan haɗa labaran biyu su zama ɗaya, shi ya sa na raba maka su tun da wuri.

Asalin wurin ziyarar ba daga wani babba ya fito ba. Mata biyu ne 'yan birnin Lyon na Faransa, Marguerite Berger, wadda aka fi sani da Agarithe, da Anna Cinquin. Sun biyo Bishop Louis-Antoine Pavy lokacin da aka naɗa shi bishop na Aljiyas a 1846, suna aikin jinya da kula da tufafi a makarantar horar da limaman coci da ke gefen tudun. A garinsu akwai wurin ziyarar Maryam a kan dutsen Fourvière, inda suka saba hawa, kuma kewarsa ta dame su. Sai suka sami wani kwazazzabo kusa da makarantar, suka ɗora ɗan ƙaramin mutum-mutumin Maryam a kututturen wata tsohuwar bishiyar zaitun, suna zuwa addu'a. Kafin a ankara matan masunta da na matuƙan jiragen ruwa sun gano wurin. Yawancin talakawan Turawan da ke zaune a bakin tekun nan ba ma Faransawa ba ne, 'yan Italiya ne da Sifen da Malta, mutanen da mazajensu ke fita teku da asuba ba a san ko za su dawo ba. Mace ta zo ta kunna kyandir, ta yi alkawarin in mijinta ya dawo lafiya za ta kawo wani abu. Haka wurin ya yi suna.

Matan nan biyu suka yi ta naci a kan Pavy ya gina babban coci. Shi kuwa yana tsoron bashi, don wanda ya gada, Bishop Dupuch, bashi ne ya kore shi daga kujerar. Abin da ya karya masa taurin kai shi ne shelar da Fafaroma Pius na 9 ya yi a Disamba 1854 cewa an ɗauki cikin Maryam ba tare da zunubin asali ba, shelar da ta sa Katolika ko'ina suka shiga rige-rigen gina wa Maryam wurare. An buɗe ɗan ƙaramin ɗakin ibada na wucin gadi a 1857, aka fara babban ginin a 1858. Agarithe ta zauna a bakin ƙofa shekara da shekaru tana sayar da kyandir da 'yan lambobin wuya, tana zuba ribar a asusun gini. A ƙaramin ɗakin nan aka binne ta. Pavy bai ga ƙarshen aikin ba, ya rasu a 1866, kabarinsa na cikin cocin. Magajinsa Charles Lavigerie ne ya keɓe shi ranar 2 ga Yuli 1872, bayan shekara 14 ana aiki. A 1876 Fafaroma ya ba shi matsayin basilika, wato cocin da aka ɗaukaka darajarsa, aka kuma sanya wa babban mutum-mutumin Maryam da ke cikin cocin kambi ranar 30 ga Afrilu, ranar da har yanzu ita ce bikin wurin.

Yanzu batun kama da masallaci, wanda nan ne fagena, don haka ka yi haƙuri in na ɗan daɗe.

Mu a nan da mun hango ƙubba sai mu ce masallaci. Amma ƙubba ta girmi Musulunci a gine-gine. Babbar ƙubbar da ta zama uwa ga sauran ita ce ta Aya Sofiya a Santambul, wadda Rumawan Gabas suka gama a shekarar 537 a matsayin coci. Da Turkawa suka ci birnin a 1453, maginansu suka zauna suka nazarci yadda aka ɗora ta, suka ɗauki dabarar suka ƙawata ta, suka yaɗa ta duk inda mulkinsu ya kai. Aljiyas na cikin wuraren: masallacin Djamaa el-Djedid da ke kusa da tashar jiragen ruwa, wanda aka gina a 1660, ƙubba ce a tsakiyarsa irin ta Turkawa. Saboda haka in cocin kan tudu da masallacin bakin teku sun yi kama, ba wai ɗaya ya kwaikwayi ɗaya ba ne kai tsaye. 'Yan'uwa ne, kakansu guda.

Wanda ya zana ginin shi ne Jean-Eugène Fromageau, mai zanen gine-ginen cocin Katolika a Aljeriya a lokacin. Salon da ya bi shi ne na farfaɗo da ginin Rumawan Gabas, wanda ake yayi a Faransa a tsakiyar ƙarni na 19. A daidai wannan lokaci ake gina Notre-Dame de la Garde a Marseille, birnin bakin teku na kudancin Faransa, daga 1853 zuwa 1864, shi ma a kan dutse, shi ma yana kallon teku, shi ma na matuƙa da masunta. Jirgin da ya tashi daga Marseille abin da zai bari a baya na ƙarshe shi ne wancan, abin da zai fara hangowa in ya doshi Aljiyas kuma shi ne wannan. Ba a yi haka da ka ba.

Amma akwai dalili na biyu, kuma a ganina shi ne gishirin maganar. Limaman Katolika na wancan zamani ba su ɗauki kansu baƙi a Aljeriya ba. Cewa suke sun dawo gida. Kafin zuwan Musulunci, Arewacin Afirka cike yake da coci-coci. Augustine, ɗaya daga cikin manyan malaman Kiristanci na duniya, an haife shi a 354 a garin da yau ake kira Souk Ahras, ya yi bishop a Hippo, wato Annaba ta yanzu, har ya rasu a 430. To in kana so ka nuna cewa kai ne tsohon mai gida, ba za ka gina coci mai tsinin hasumiya irin na arewacin Faransa ba, wanda kowa ya gani zai ce baƙo ne. Za ka gina irin wanda ake ginawa a gaɓar Bahar Rum kafin ƙarni na 7. Ƙubbar nan da'awa ce da aka yi da dutse, cewa mun riga ku. Shi ya sa ɗakunan ibada biyu na gefe aka ba su sunan Augustine da mahaifiyarsa Monica. Haka kuma Lavigerie ya sake yi a Annaba da Carthage ta Tunisiya, duka a kan tudu, duka da ƙubba.

Ga yadda tsarin yake. Ka shigo ta wani zaure mai bakuna, sai doguwar farfajiya guda ɗaya, babu layukan ginshiƙai da za su tare maka gani. A ƙarshenta gini ya buɗe gida uku, dama da hagu da gaba, kowanne rabin da'ira, kamar ganye mai kunne uku. A mahaɗarsu babbar ƙubba take. Duk wanda ya taɓa kallon magini yana ɗaure tulluwa a soron ƙasa ya san matsalar: rufi mai lanƙwasa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, yana tura bango waje. Maginanmu suna maganin wannan da kaurin bango da azara da bakan gizo. Rumawa kuma suka yi maganinsa da jingina wa babbar ƙubba rabin ƙubbobi a gefe, kowace tana tokare ta kamar yadda mutum ke sa kafaɗa ya tare ƙofa. Kunnuwan nan uku ba ado ba ne kawai, su ke riƙe da ginin. Ita ƙubbar kuma ba a kan bakuna take zaune kai tsaye ba, an ɗaga ta a kan wani zagayayyen wuya mai tagogi, don haske ya sauko daga sama, kuma don a hango ta daga teku.

Ta waje ne Fromageau ya ɗan ari kayan gida. Akwai ɗamarar tangaran shuɗi da fari da ta zagaye saman bango, irin adon da ake gani a tsofaffin gidajen Aljiyas. Hasumiyar ƙararrawa tana can baya, kuma mutane da yawa na kwatanta ta da hasumiyar masallatan ƙasashen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka. Wannan aron bai kai na Babban Gidan Waya na tsakiyar birni ba, wanda Faransawa suka gina wajen 1910 da salon Larabawan Andalus tun daga ƙofa har rufi. A ganina cocin ya fi kyau daga nesa. In ka matso, za ka ga adon ya ɗan yi yawa a wasu wurare, kamar amaryar da aka haɗa wa kayan gida biyu. Amma zaɓen wurin babu na biyunsa.

Akwai wata alama mai sauƙi da za ta tabbatar maka ba masallaci ba ne. Daga Aljiyas alƙibla gabas take, ta ɗan karkata kudu. Wannan gini kuwa gabansa, inda bagade yake, kudu maso yamma ya fuskanta. Hasali ma ya saɓa wa al'adar su kansu Kiristoci, waɗanda tsofaffin coci-cocinsu gabas suke kallo. An juya shi ne ƙofa ta kalli teku.

Mutum-mutumin da ke bayan bagade na tagulla ne, an kawo shi daga Faransa a 1840 kyauta ga Bishop Dupuch, ya yi shekaru a gidan 'yan zuhudu na Staouéli kafin a dawo da shi nan. Tagullar ta yi duhu, shi ya sa za ka ji ana cewa baƙar Maryam ce, wasu ma su ɗauka da gangan aka ƙera ta da siffar 'yar Afirka. A'a. Siffar fuskar ta Turawa ce, launin ƙarfe ne ya yi baƙi. Ana sa mata riga mai aikin zare irin na Tlemcen.

To mu koma kan rubutun, wanda na san shi ya fi ɗaukar hankalinka. Mutane na yaɗa hotonsa suna cewa dubi yadda Turawan da suke ƙaunar Musulmi. A nan sai an yi hattara, don da walakin goro a miya. Pavy mutum ne da ya yi wa'azi mai zafi a kan Musulunci, kuma a lokacin da ake fara ginin ya kafa ƙungiyar masu addu'a don Musulmi su karɓi Kiristanci. A bakin mutanen ƙarni na 19, yi wa Musulmi addu'a na nufin roƙon su bar addininsu. Kuma a ƙafafun mutum-mutumin nan an daɗe ana ajiye da takubban manyan sojojin da suka ci ƙasar, har da na Marshal Pélissier, wanda a 1845 ya sa aka hura wuta a bakin kogunan Dahra, hayaƙi ya kashe ɗaruruwan mutanen Ouled Riah da suka ɓuya a ciki, maza da mata da yara. Addu'a a sama, takobi a ƙasa. Wanda ya nuna maka ɗaya ya ɓoye ɗaya bai ba ka tarihi ba.

Lavigerie kuwa ya wuce Pavy buri. Lokacin yunwa da kwalara na 1866 zuwa 1868 ya tara marayun Musulmi masu yawa, ya ciyar da su, ya yi wa da dama baftisma, ya kafa musu ƙauyuka a kwarin Chélif, har ya yi rigima da gwamna MacMahon wanda ke tsoron abin zai tayar da tawaye. A 1868 ya kafa ƙungiyar 'yan mishan da aka sani da Fararen Fada, saboda farar jallabiya da alkyabba da jar dara da suke sawa irin ta mutanen ƙasar. Sunan Afirka da ke jikin cocin ba Aljeriya kaɗai yake nufi ba, nahiyar gaba ɗaya suka sa a gaba, kuma hanyar Sahara suka fara gwadawa. A 1876 an kashe uku daga cikinsu a hanyar Tumbutu. A 1881 aka kashe wasu uku bayan sun bar Gadamas sun nufi Gat, wato hanyar da ayarin fatake ke bi zuwa Agadas da Damagaram da Kano. Ka ga ashe garinku na kan layin da suka so bi. Da hamada ta gagara suka zagaya ta wasu hanyoyin: sun isa Uganda a 1879, sun kafa tasha a Navrongo ta arewacin Gana a 1906. Har yau su ke kula da cocin.

Sai dai magana takan tsufa ta canza ma'ana a bakin masu faɗinta, kuma wannan ta canza. A lokacin yaƙin neman 'yanci, daga 1954 zuwa 1962, babban bishop na Aljiyas Léon-Étienne Duval ya fito fili ya la'anci azabtar da fursunoni da sojojin Faransa ke yi, ya goyi bayan 'yan ƙasa su zaɓi makomarsu. Turawan gari suka tsane shi, suka laƙaba masa Muhammad Duval don gori. Da aka sami 'yanci kusan Turawa miliyan guda suka kwashe suka bar ƙasar, cocin ya wayi gari babu jama'arsa. Duval ya zauna, ya karɓi takardar zama ɗan Aljeriya. A 1965 babban taron Vatican na biyu, wato taron bishop-bishop na Katolika na duniya, ya fitar da matsayar cewa Cocin Katolika na kallon Musulmi da girmamawa. A shekarun 1990, lokacin da ƙasar ta faɗa rikicin da ya ci dubban rayukan Musulmi, limamai da 'yan zuhudu 19 suka rasa rayukansu saboda sun ƙi guduwa su bar maƙwabtansu. Ɗayansu, Charles Deckers, a wannan coci yake aiki, an kashe shi a Tizi Ouzou a Disamba 1994. A nan aka yi jana'izar wasu bakwai daga cikinsu, 'yan zuhudun gidan ibada na Tibhirine, ranar 2 ga Yuni 1996, tare da ta Duval, wanda ya rasu kwanaki kaɗan bayan labarin kisansu. Yana kwance a cikin ginin, ba nisa da Pavy. Haruffan bango ba a taɓa ko ɗaya ba, amma wanda ya karanta su bayan 1996 ba abin da Pavy ya nufa yake ji ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a ziyarata ba ƙubbar ba ce, bangon ƙasa ne. Daga kusan tsayin gwiwa har sama da kai an lulluɓe shi da ƙananan allunan marmara, kowanne bai fi littafi girma ba. Cika alkawari ne: wanda ya roƙi abu ya samu sai ya kawo allo a manna. Yawanci kalmar godiya ce kawai da shekara da haruffan farkon suna. Wani na wanda ya tsira daga haɗarin jirgin ruwa ne, wani na ɗan da ya dawo daga yaƙi, wani na haihuwa bayan dogon jira. Mafi yawa da Faransanci, amma akwai na Larabci da na yaren mutanen yankin Kabylie na Aljeriya. Ina cikin karantawa wata dattijuwa mai hijabi ta shigo riƙe da hannun wata matashiya, suka tsaya can gefe shiru, suka ɗan jima, suka fita. Musulmi ne mafi yawan masu shiga wurin a yau. Wasu kallo ya kawo su, wasu kuma, musamman mata masu neman haihuwa ko lafiyar yaro, Lalla Maryam suka zo wa. Malamai da dama a can ba su yarda da wannan ba, kuma hukuncinsa ba fannina ba ne, abin da ido ya gani nake faɗa maka. Masu zuwa ibadar Lahadi kuwa galibi ɗalibai ne da ma'aikata daga ƙasashen kudu da Sahara.

A da, kowace Lahadi da yamma limamai kan fito cikin jerin gwano har bakin gangaren, su fuskanci teku su yi addu'ar mamata ga duk waɗanda ruwa ya ci ba a ga gawarsu ba. A wannan filin yanzu yaran unguwa ke buga ƙwallo, iyalai na zaune a kan katanga suna kallon jiragen ruwa, ga maƙabartar Kirista da ta Yahudawa a ƙasa, ga filin wasa na Omar Hamadi daf da ruwa.

Ginin da ka gani a hoto gyararre ne. Iskar teku mai gishiri ta daɗe tana cin dutsen, sannan girgizar ƙasa ta Boumerdès ta 21 ga Mayu 2003, wadda ta kashe mutum sama da 2,000, ta tsattsaga shi. Babban bishop Henri Teissier ya nemi taimako, aka ɗauko Xavier David, wanda ya jagoranci gyaran takwaransa na Marseille. An yi aikin daga 2007 zuwa 2010 da kuɗin hukumomin Aljeriya da Tarayyar Turai da birnin Marseille da yankinsa da wasu kamfanoni, aka kuma mai da wurin makaranta inda matasan Aljeriya suka koyi sassaƙar dutse a hannun ƙwararru. An sake buɗe shi ranar 13 ga Disamba 2010.

In Allah ya kai ka Aljiyas, akwai motar igiya da ke tashi daga Bologhine ta sauke ka kusa da filin, in ta tsaya aiki kuma tasi na hawa ta Bab El Oued. Ana shiga kyauta a lokutan da aka buɗe, ba a tambayar addininka, ba a cire takalmi, amma a rage murya. Ka je da la'asar, lokacin da rana ta koma bayan tudu, tangaran shuɗin nan ya fi fitowa.